Ɗan Hagu Ba Zai Faɗa Rijiya Ba

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban kamfaninmu, mai girma darakta, manyan baƙi da suka kawo mana kofin yabo, masu zane da masu rubutu, masu kiɗa da masu ɗaukar murya, 'yan jarida da ke ta haska mini fitila a ido, iyaye mata da ke can baya inda aka saba ajiye su da irina, jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana yau. Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan suka sa ni cikin masu magana, ko da yake sai a ƙarshe, bayan an sha lemo an fara duba agogo. An ba ni minti biyar. An kuma ba ni takarda aka ce in karanta. Shekara shida muna aiki tare, kowa a gidan nan ya san ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi ban gaishe shi ba, amma aka ba ni takarda. Ga ta nan na ajiye, tana da kyau, Allah ya saka wa wanda ya rubuta. Ni da bakina zan yi magana, tun da bakin nan ne ya kawo ku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ne tsohon da ke gyaran takalma a ƙofar gidan nan, ƙarƙashin matakala. Ni ne kuma muryar Ɗan Hagu, ƙaramin aljanin nan na cikin katun ɗinmu, mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda aikinsa tsaron takalman Sarkin Aljanu, mai satar ƙafar hagu ya bar ta dama, mai tsoron kaza fiye da tsoron wuta. An yi kashi ɗari, ba a taɓa ba shi fiye da minti biyu ba. A kan kashi na casa'in da bakwai aka kawo kofin nan, saboda muryarsa. Magana huɗu gare ni.

Ta farko, in faɗa muku inda aka haifi Ɗan Hagu, domin na ji ana cewa a taron masu ilimi aka ƙirƙiro shi. A ƙarƙashin matakala aka haife shi. Babban mai zanenmu, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya kawo mini takalma ya tsaya a kaina yana buga ƙafa. Na gama ɗaya, ɗayan yana kan gwiwata, ƙusa bakwai a bakina kamar yadda kowane mai sana'armu yake yi, don hannu biyu ba sa isa. Ya ce, “Baba, sauri nake, darakta na jirana.” Na ce masa ta gefen baki, “Ƙafa ɗaya ta ishe ka, ina za ka?” Sai ya daina buga ƙafa. Ya ce, “Baba, don Allah sake faɗa.” Na ce, “Kurma ne kai?” Ya zauna a kan bencina da safa ɗaya, ya ciro takarda, ya yi ta zana ni har rana ta juya. Doron nan na Ɗan Hagu nawa ne. Hararar nan tawa ce. Kunnen dai ban san inda ya samo shi ba, kuma har yau ban yafe ba.

Da aka kai ni ɗakin ɗaukar murya, aka zaunar da ni a kujera mai juyawa, aka sa mini makirufo a gaba, murya ta ƙi fita. Na yi magana, sai ga muryar tsoho kawai. Darakta ya ce a sallame ni. Na ce a kawo mini bencina, da gudumata, da tsohon takalmi, da ƙusoshina. Mai ɗaukar murya, wanda nake kira Mai Kunnuwa saboda abin da yake kifawa a kansa, ya ce, “Baba, nan fa ba kasuwa ba ce.” Na ce, “To muryar kasuwa kuke nema.” Aka kawo. Na jera ƙusa bakwai a leɓe, na ɗora takalmi a gwiwa, Ɗan Hagu ya fito, siririyar murya kamar ta ƙofa mai tsatsa. Tun daga ranar, ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba sai ina gyaran takalmin wani a gidan nan. Wannan ƙwanƙwasar da kuke ji a bayan maganarsa, kuna yaba wa masu kiɗa, gudumata ce.

Ta biyu, abin da na haɗiye. Ba ƙorafi nake ba, tuni ne. Na haɗiye ranar da aka fara nuna shirin a babban zaure, mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce masu gyara ta baya suke shiga. Na haɗiye shekarar da aka kawo wani ɗan wasa mai digiri ya karɓi muryar, wai ni ba na bin rubutu. Ya cika bakinsa da tsinken sakace, ya yi kashi biyu, jama'a suka yi ta aiko da saƙo suna tambaya ko Ɗan Hagu mura yake yi. Aka sauko ƙarƙashin matakala aka ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Da tsohuwar zuma ake magani. Na haɗiye surukina, mijin ƙanwata, wanda ya ce a gaban iyalina, “Mutane na tsufa suna neman lahira, kai ka tsufa ka zama aljani.” Yau ga shi can a layi na uku, ya sa sabuwar riga, tun safe yake gaya wa 'yan jarida cewa tare muka taso.

Kuma gaskiya ne ba na bin rubutu. An rubuta wa Ɗan Hagu ya ce, “Ina mai baƙin cikin sanar da kai, ya shugabana.” Wane mai tsaron takalma ne yake magana haka? Na ce, “Ranka ya daɗe, kaza ce ta fara.” Ku gaya mini wanne yara suke faɗa a titi.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Tun da ba na karatu, 'yata ta fari ce take karanta mini. Ga ta can kusa da taga, tela ce, tana da shagonta da kekunan ɗinki biyu da 'ya'ya uku. Duk ranar ɗauka sai ta rufe shago ta zo ta zauna kusa da ni, ta karanta, in juya shi yadda ya kamata, in faɗa. Shekara shida ba ta yi fashi ba.

Bara haƙorana na ƙasa suka fara tafiya. Likita ya cire biyu, na uku ya bi su da kansa. Ƙusa kuwa sai da haƙori a bayanta take tsayawa. A kashi na casa'in da biyar da na casa'in da shida murya ta yi sanyi, ni ma na ji, darakta ma ya ji. Ranar na casa'in da bakwai darakta ya yi tafiya, dasashina ya kumbura, in na jera ƙusa sai ta zube a cinyata. Sau tara ina gwadawa. Na jefar da guduma. Sai 'yar nan, don ta ba ni dariya, ta zare allurai daga wuyan rigarta ta jera a baki yadda take yi a shago, ta harare ni ta ce, “Ƙafa ɗaya ta ishe ka, tsoho, ina za ka?” Mai Kunnuwa yana can bayan gilashi, kansa a ƙasa yana murɗa na'urarsa. Ya ce, “Yawwa Baba! Ta dawo! Ci gaba haka!” Na ce, “Ɗago kanka.” Ya ɗago. Ya ga allurai a bakinta.

Ta ce, “Baba, wasa nake.” Na ce, “Ni ma da wasa na fara. Zauna a bencin.” Mai Kunnuwa ya ce za a kore shi. Na ce, “In an tambaya, ni na tilasta ka.” Kuma ni na tilasta shi, jama'a ku shaida, kada a taɓa shi. Ni na riƙe guduma, ni na gyara kalmomi, ita ta yi murya. Kashi na casa'in da bakwai, inda Ɗan Hagu ya tsaya gaban kaza yana rawar jiki ya ƙi ba da takalmin ubangidansa, wanda ya sa manyan baƙin nan suka ce sun yi dariya har da hawaye, wanda ya kawo kofin nan, babu muryata a ciki ko ta tari. Haka na casa'in da takwas, haka na casa'in da tara, haka na ɗari. Darakta ya dawo ya saurara, ya rungume ni ya ce, “Baba, babu mai wannan murya a duniya sai kai.” Na ce masa, “Haka ne.” Allah ya yafe mini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, balle 'yar da ta girma a gindin bencina tana jin ubanta yana faɗa da duniya ta gefen baki.

'Yata, daina rufe fuska. Ɗago kai su gan ki. Kofin nan naki ne.

Ta huɗu, abin da ya hana ni karanta takardarku ko da na iya. Makon jiya aka aiko da rubutun sabon zango. Tana karanta mini a tsakar gida, ta kai wani wuri ta tsaya, ta ce shafi ya ɓace. Ni na haife ta. In za ta yi ƙarya sai ta sosa bayan kunne, tun tana shekara huɗu. Na bari ta tafi, na zaro shafin daga inda ta cusa shi, na kai wa mai shagon magani na kan kwana. Ya sa tabarau ya karanta mini. A kashi na ɗari da ɗaya, Ɗan Hagu zai zame ya faɗa rijiyar wuta da takalmi a hannu, Sarkin Aljanu ya ce “kash”, a wuce. Rabin shafi. Ko kazar ba ta zo jana'iza ba.

Na san dalili, kuma ba mugunta ba ce. Darakta ya ga bakina, ya ƙirga haƙoran da suka rage, ya ce gara a kashe shi da mutunci kafin murya ta mutu. Da ya tambaye ni, da na gaya masa. Amma ba a tambayar na ƙarƙashin matakala.

To ga amsata a gaban jama'a. Ni na gama. Ga ƙusoshina bakwai, na ɗora su kusa da kofi, bakina ya sallame su. Ba na neman kujera, ba na neman a sa hotona a bango. Abu ɗaya nake nema: kada a kashe Ɗan Hagu. Jarumanku suna da takubba da fukafukai, kowa na kallonsu. Amma masu gadi, da masu shara, da masu wanki, da duk wanda aikinsa ya riƙe wa wani takalmi, minti biyun nan suke jira. Wata mai sharar asibiti ta tare ni a titi ta ce, “Baba, duk gidanmu shi ne namu.” Wanda ya yi kashi ɗari yana tsaron takalmin sarki bai taɓa sa ko ɗaya ba, ba a biyansa da rijiya. Muryarsa tana nan da ranta, da haƙoranta talatin da biyu, kun riga kun ba ta kofi ba ku sani ba.

Na ga mai girma darakta yana buɗe jakarsa, yana neman shafin. Kada ka wahalar da kanka, ranka ya daɗe, naka kwafin bai dame ni ba, kan nawa nake magana. Shekaranjiya ka aiko mini da baƙaƙen takalman nan da ke ƙafarka, ka ce na hagu yana cizonka. Na duba, shimfiɗar ciki ce ta cinye. Takardarku tana da kauri, ta yi daidai. Na ninka shafin biyu, na yanka, na shafa gam, na rufe da fata. Tun safe kake taka mutuwar Ɗan Hagu, ka hau da ita kan dandamali, ka karɓi kofi a kanta. Yaya ka ji ƙafar? Ta daina cizo, ko ba ta daina ba?

A'a, kada ka cire shi a nan, akwai baƙi. Jama'a ku bar tafin haka, ku bari in ji. Shugaba, me ka ce? Ƙara ɗaga murya, kunnen ma ya fara bin haƙoran. 'Yata ta zo ranar Litinin? Da alluranta? 'Yan jarida, kun ji da kunnenku, ku rubuta, ku da kuka iya. Ni ma zan zo, don wani ya riƙe guduma, kuma wani ya hana ku sa masa “ina mai baƙin cikin sanar da kai”.

Allah ya albarkaci wannan gida da masu aiki a cikinsa, na sama da na ƙarƙashin matakala. Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya ƙara wa darakta sauƙin ƙafa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba kowane uba wanda zai karɓi kayan aikinsa tun yana raye yana gani. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da takalmansa duka biyu.

Na gode.