Jar Kaura a Motar Ringim

A tashar Dutse muna jiran motar Ringim ta cika, sai wani dattijo ya ƙura wa ƙullin dawar wata mata ido.

"Hajiya, ba jar kaura ba ce wannan? Ambaliya ta cinye tawa, har irin da na ajiye."

"Ita ce, Baba. Daga kakata na gada."

"Ɓoye ta! Na ji an yi taro a Turai, iri ya zama na kamfani."

"Nasu irin dai, ba namu ba. Yarjejeniyar ƙasashe ta ce manomi ya ajiye nasa, ya ba wanda ya so."

"Kin yarda da takarda?"

"Ban jira ta ba. Miƙo hularka."

Ta zuba masa tafi biyu.

"In ta yi, ka ba wani zangarniya."

"In ta yi? Hajiya, ba ki san gonata ba!"