Sauraron Kurciya Ya Ja Mini Zargi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, ina lodin motoci a bodar Jibiya.

Na daɗe cikin ihun 'yan kamasho da ƙarar tireloli, har jinina ya hau. Likita ta ce, "Malam Sani, magani kaɗai ba zai isa ba, ka nemi wuri shiru ka riƙa hutawa." Sai na samu gindin wata tsamiya a bayan garin Magama. Bayan la'asar nakan kashe waya in saurari kukan kurciya da iska tana kaɗa ganyen dawa. Wallahi ciwon kai ya sake ni.

Ranar Talata sai ga 'yan sintiri uku a kaina. Babbansu ya ce, "Kai, wa kake jira a nan?" Na ce tsuntsaye nake sauraro. Ya ce, "Ƙato da kai? Ko dai 'yan bindiga kake yi wa leƙen asiri?" Sai da mai unguwa ya zo ya shaide ni suka sallame ni, bisa sharaɗin kada in koma.

Ban ga laifinsu ba, amma haba! Yau kwana huɗu kaina yana sara. Don Allah masu sauraro, ina talaka zai zauna shiru ba a tuhume shi ba?