Shayi a Tsohuwar Motar Kwana

A kasuwar motoci ta Ras Al Khor da ke Dubai, Zailani ya tsuguna yana shinshina ƙarƙashin wata tsohuwar mota mai gado da kicin a ciki. Dillalin, wani ɗan Gana, sai duba agogo yake.

"Malam, wannan ɗigar fa?" in ji Zailani.

"Ruwan esi ne, habibi. Kowace mota tana yi."

"Ruwan esi da warin fetur? Tiyo ne ya tsage. A ciki fa zan riƙa kwana, tsadar haya ta koro ni daga unguwar Qusais."

"Wallahi lafiyarta lau. Yalla, ana jirana!"

"To, shiga ka kunna murhun kicin ɗin, mu sha shayi."

Dillalin ya ja da baya har bakin titi.

"Kunna da kanka, ɗan'uwa. Ni ina da iyali a Kumasi."