Jajiberin Shiga Teku

ISYAKU: Salamu alaikum. Halo? Muttaka?

MUTTAKA: Wa alaikumus salam, Yaya Isyaku. Ina wuni?

ISYAKU: Lafiya lau. Ina gajiya?

MUTTAKA: Ba gajiya. Ya gida? Ya Anti Lami da yara?

ISYAKU: Duk lafiya, alhamdu lillahi. Ya Bahijja?

MUTTAKA: Tana lafiya, tana gaishe ku. Ya jikin Inna?

ISYAKU: Da sauƙi sosai. Jiya da ƙafarta ta taka daga Mandawari har Zaitawa barkar haihuwa. Ya aiki?

MUTTAKA: Mun gode Allah. Ya zafi?

ISYAKU: Kai, bari kawai, Kano ta ɗau wuta. Na fito daga la'asar na ga kira huɗu daga wata lamba mai tsawo kamar layin mai, da saƙo wai kai ne. Ba ka Legas ne?

MUTTAKA: Ina Afirka ta Kudu tun Talata. Gasar nan da na faɗa maka kwanaki.

ISYAKU: Ta tirela?

MUTTAKA: Tirayatulon, Yaya.

ISYAKU: Tira me? Layin yana yankewa.

MUTTAKA: Bar sunan. Za a yi iyo a teku kusan kilomita huɗu. In ka fito ka hau keke, kilomita ɗari da tamanin. In ka sauka ka yi gudu, arba'in da biyu.

ISYAKU: A sati guda?

MUTTAKA: A wuni guda. Gobe Lahadi.

ISYAKU: Ikon Allah! Wato ka tuƙa keke daga nan har Katsina, ka jingine shi, sannan ka ruga Wudil a guje. Kuma ba wanda ya biyo ka.

MUTTAKA: Ba wanda ya biyo ni.

ISYAKU: Ni shekara talatin ina taka keken ɗinki, ko Ƙofar Na'isa bai taɓa kai ni ba. To yanzu kana can kana ta gudun ke nan?

MUTTAKA: Ina fa! Koci ya ce satin nan hutu ne, a bar jiki ya tara ƙarfi. Jiya gudun minti ashirin kawai na yi, yau ɗan zagaye a keke na rabin awa. Wata tara ina wahala ban ji komai ba, yanzu zaman ne yake neman kashe ni. Gwiwa ta yi min tsami, alhali ba abin da ya same ta. Tayar keken nan na duba ta ya fi sau goma.

ISYAKU: Hahaha! Halin Baba sak. Ka tuna baƙin kekensa?

MUTTAKA: Mai ƙararrawa biyu.

ISYAKU: Da kake sacewa in ya kwanta bayan azahar. Ƙafarka ba ta kai feda, sai ka zura ta ƙarƙashin sanda kana tafe a karkace kamar ƙaguwa.

MUTTAKA: Har ranar da na kwashi mai fura a Ƙofar Ɗan Agundi.

ISYAKU: Ka shigo gida fari fat da nono, gwiwa tana jini. Baba ya fito, ya wuce ka, ya durƙusa yana duba keke.

MUTTAKA: Sai da ya tabbatar ƙafar gaba ba ta lanƙwashe ba ya ce, "Kai kuma fa?"

ISYAKU: Allah ya jiƙan Baba.

MUTTAKA: Amin. Yaya, ka san bana na cika arba'in da tara.

ISYAKU: Na sani.

MUTTAKA: Shekarun da ya rasu a kai. Kuma sugan da ya ɗauke shi, shi likita ya ce ina da shi. Shi ya sa na fara duk wannan haukan. Na ce sai na yi wani abu da jikin nan tun yana amsa min.

ISYAKU: Rai na Allah ne, Muttaka. Amma ba wannan ya sa ka kira ni sau huɗu ba. Faɗa min.

MUTTAKA: Ina jin ba zan shiga ba.

ISYAKU: Ba za ka sha ba? Maganin?

MUTTAKA: Shiga! Ba zan shiga gasar ba. Da safen nan aka kai mu gwaji a tekun, na minti goma kacal. Na sa rigar robar nan, na shiga. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, kuma baƙi ƙirin, ba ka ganin ƙasa. Ban yi nisa ba numfashina ya ɗauke. Sai ga ni na rungume kwalekwalen masu ceto ina haki, tsofaffin mata suna wuce ni. A kwamin wanka na Legas na koyi abin nan, Yaya, inda kake ganin tayil a ƙasa.

ISYAKU: A ina ka ce ka koya?

MUTTAKA: A Legas.

ISYAKU: Kai, ji butulci! Kududdufin bayan ganuwa fa?

MUTTAKA: Wannan ai wasan yara ne.

ISYAKU: Wasan yara? Ruwan da ko hannunka ka tsoma ba ka ganinsa? Koren ruwa, ga kainuwa, ga kwaɗi, ga fasassun kwalabe. Tayil ɗin wa ka gani a ciki?

MUTTAKA: Wallahi har warinsa na ji yanzu. Mu dawo ido jajir, mu shafa man gyaɗa don kada Inna ta ga furu-furu.

ISYAKU: Ta lakaci bayan kunnenka ta ce, "Wannan laka daga makarantar allo take?"

MUTTAKA: Yana nan kuwa?

ISYAKU: An cike shi tuntuni. Shaguna ne yanzu, ana sayar da waya a daidai inda kake tsalle. Ka tuna ranar da ka fara haye shi ba jarka?

MUTTAKA: Yaya za a yi in manta? Ina shekara tara. Kana tsaye a wancan gefen, ruwa iya wuyanka, kana cewa, "Taho, ina nan, in ka nutse zan kamo ka." Na sha ruwa a tsakiya, na ji ƙafata ba ta taɓa komai, amma na ce ai Yaya yana nan. Abin da na rasa yau ke nan. A tekun nan ba kowa nawa.

ISYAKU: Muttaka.

MUTTAKA: Na'am.

ISYAKU: Zan faɗa maka wata magana, kada ka faɗa wa Lami.

MUTTAKA: Ina ji.

ISYAKU: Ni ban iya iyo ba.

MUTTAKA: Layin ne, ko me ka ce?

ISYAKU: Ba layi ba ne. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba. Ta kan ganuwa na zagaya na shiga wancan gefen. Akwai wani tudu a ƙarƙashin ruwan, a kansa na tsaya, na durƙusa don ka ga kamar wurin da zurfi.

MUTTAKA: Innalillahi! To da na nutse fa?

ISYAKU: Da na faɗa, da mun tafi tare, Inna ta yi asarar biyu.

MUTTAKA: Shekara arba'in, Yaya! Har 'ya'yana na faɗa wa kai ka koya min.

ISYAKU: Ihu kawai na yi. Hannunka da ƙafarka suka haye da kai. Halo? Kuka kake ko dariya?

MUTTAKA: Ni ma ban sani ba.

ISYAKU: Ƙarfe nawa za ku shiga?

MUTTAKA: Shida da rabi a nan. Biyar da rabi ke nan a Kano.

ISYAKU: Daidai an idar da asuba. Ba zan tashi daga masallaci ba sai ka fito daga ruwan. Awa nawa?

MUTTAKA: Ɗaya da rabi, in Allah ya taimaka.

ISYAKU: Zan zauna biyu. Ka ci abinci sosai, ka bar tayar keken nan ta huta. Kai, ka ji matar nan ta kamfanin waya wai saura min minti ɗaya, kiran ƙasar waje ba wasa ba. Saurara, in ka ji numfashin ya fara ɗaukewa, kada ka leƙa ƙasa, ka juya rigingine ka...

MUTTAKA: Kai da ba ka iya ba kake koya min?

ISYAKU: Ai wancan karon ma ya yi aiki! Ka juya, ka ja numfashi, ka ce bismil...

MUTTAKA: Yaya? Halo? Yaya Isyaku! Zan shiga. Ka ji? Halo?