Katin da Fiifi Ya Yanka

FIIFI: Alo? Baba? Ina wuni.

EKOW: Lafiya.

FIIFI: Ya hanya? Kun iso Akara lafiya?

EKOW: Mun iso. Muna filin jirgi.

FIIFI: Madalla. Ya kuka baro mutanen Takoradi? Ya ƙafar taka?

EKOW: Tana jikina. Ya Ewurama da jikokina?

FIIFI: Duk lafiya, ta kai su kasuwa. Na so in zo in raka ku, kai ka ce kada in rufe shago.

EKOW: Na ce. Ya cinikin?

FIIFI: Da godiya. Mama fa? Tana tsoron jirgin?

EKOW: Tana zaune kan jakarta.

FIIFI: Ta zauna ina? Layin yana yankewa.

EKOW: Kan jakarta. Fiifi, da wane kati ka sayi tikitin uwarka?

FIIFI: Da tsohon katina na bashi, shuɗin nan. Me ya faru?

EKOW: Yana wurinka?

FIIFI: Ai na rabu da shi satin jiya. Ban faɗa maka ba? Wata guda na yi ina gwada katuna uku kafin in zaɓa. Wannan sabon, duk man da na sha a mota ana ba ni maki, in makin ya taru in sha mai kyauta. A filin jirgi ma akwai ɗakin hutawa da shayi da...

EKOW: Ban tambaye ka shayi ba. Matar da ke kantar jirgin ta ce sai ta ga katin da aka sayi tikitin da shi.

FIIFI: Katin? Don me? An biya kuɗi tun wata biyu.

EKOW: Ta ce idan sunan mai kati daban, sunan mai tafiya daban, sai sun gani da ido. Saboda masu saye da katin sata. Ta nuna mini a ƙasan takardar, ƙananan rubutu. Kai mai gwada katuna, ba ka karanta ba?

FIIFI: Wa ke karanta wannan wurin, Baba?

EKOW: Ita. Biyar saura kwata za su rufe kanta. Yanzu huɗu saura biyar. Ka ɗauko katin ka zo.

FIIFI: Baba...

EKOW: Ina ji.

FIIFI: Na yanka shi.

EKOW: Ka yi me?

FIIFI: Da almakashi. Gida huɗu. Haka aka ce a riƙa yi idan an rufe kati, kuma kada a zubar da guntayen wuri ɗaya.

EKOW: To.

FIIFI: Kada ka ce "to" haka, don Allah. Bari in yi tunani. Ko a ɗaga tafiyar zuwa gobe?

EKOW: Na tambaya. Babu kujera sai Laraba. Jibi za a yi wa ƙanwarka aiki a ciro yaron. Araba ita kaɗai ce a Hambog, can Jamus, mijinta yana kan teku. Wa zai riƙe mata jariri, makinka?

FIIFI: Na sani, Baba, na sani.

EKOW: Ka kira bankin shuɗin katin. Wannan matar da ka ce tana ɗaukar waya ko ranar Lahadi.

FIIFI: Madam Ocran? Na rufe asusun. Har ta roƙe ni in tsaya, na ce mata katinsu ba ya ba da komai. Da wane baki zan kira ta?

EKOW: Da wanda ka faɗa mata hakan.

FIIFI: Ko ta ɗauka, ba za ta ƙera mini kati cikin minti hamsin ba.

EKOW: To sayi wani tikitin da sabon. Kujerar uwarka tana nan. Ka zo da shi a hannu su gani.

FIIFI: Bai fara aiki ba. Lambar sirrin sai ranar Litinin za ta iso.

EKOW: Kira su su buɗe shi.

FIIFI: Na kira jiya. Inji ne ke magana, danna ɗaya, danna biyu, sai ya sa maka kiɗa. Minti ashirin ina jin kiɗa.

EKOW: Ka bar mutum ka koma wa inji saboda mai.

FIIFI: Kowa ya ce shi ya fi kyau wajen tafiya.

EKOW: Ga tafiya ta zo. Ina guntayen?

FIIFI: Ina me? Ka ɗan matsa, hayaniya ta yi yawa.

EKOW: Guntayen katin. Ina ka kai su?

FIIFI: Ɗaya na jefa a shara, an kwashe. Ɗaya a masai. Ɗaya na wurgar ta tagar mota a hanyar unguwarmu, Madina.

EKOW: Uku ke nan.

FIIFI: Na huɗun... tsaya. Firjin shago yana rawa, na cusa shi a ƙarƙashin ƙafarsa.

EKOW: Ciro shi.

FIIFI: Bari in ajiye wayar. Kada ka kashe. Yana da nauyi... Ga shi. Ya ɗan lanƙwashe.

EKOW: Me ke jiki?

FIIFI: Lambobi huɗu na ƙarshe. Da rabin sunana, "Quans". Sauran ya tafi da wancan guntun.

EKOW: Riƙe. Zan je wurin matar kantar.

FIIFI: Baba, ka yi mata magana a hankali, kada ka yi mata irin muryar da kake wa yaran walda. Ka ce mata haihuwar fari ce. Baba? Alo? Kana nan?

EKOW: Ina nan. Ta ce lambobin ƙarshen su take dubawa. Ka zo da guntun, da katin shaidarka, kai da kanka. Za ta kai wa shugabanta.

FIIFI: Za su yarda ke nan?

EKOW: Ba ta ce ba. Ta ce ba ta taɓa ganin an kawo mata kwatan kati ba. Ta yi dariya.

FIIFI: Dariyar alheri ko ta mugunta?

EKOW: Ban auna ba. Saura minti arba'in.

FIIFI: Daga Madina a wannan lokacin? Ka san cunkoson hanyar nan. Ko awa ɗaya ba...

EKOW: Bar motar. Hau babur.

FIIFI: Ban taɓa hawa babur a Akara ba.

EKOW: Uwarka ma ba ta taɓa hawa jirgi ba.

FIIFI: To. Ina rufe shagon. Ina makullin nan... Mama ta sani?

EKOW: Tana can tana sake ɗaure kifin banda da za ta kai wa Araba. Sau biyu ta tambaye ni me ya sa ba mu shiga layi ba.

FIIFI: Me ka ce mata?

EKOW: Na ce komai lafiya, kai muke jira ku yi sallama.

FIIFI: Na gode, Baba.

EKOW: Ba don kai ba. Hawan jininta. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yi mata ƙarya ba, yau ka sa na fara. Ka zo ka gyara.

FIIFI: Na fito titi. Mai babur! Kai, tsaya! Baba, idan shugaban ya ƙi fa?

EKOW: Sai ka faɗa wa uwarka da bakinka. Ga ta nan ta taso, tana nufo ni. Sa guntun a aljihun gaba, kada iska ta...

FIIFI: Baba? Alo?