Sirajo da Sunayen da ke Cikin Kaset

Salamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka shi daɗe. Malam Liman, Allah gafarta. Manyan ma'aikatan sabuwar jiharmu da kunka cika kujerun gaba, sannunku. Inno, mahaifiyar mamaci, da Rauda matatai, Allah Shi ba ku haƙuri. Ni Tamba na, mai gangar ƙungiyar marigayi Sirajo mai gita.

Ya kasance mutum marar rowar waƙa. Ranar da anka ba mu jiha, shi yaɗ ɗauko gitar lantarki muka zagaye unguwar Badariya bisa buɗaɗɗiyar mota, bai nemi ko ruwan sha ba. Ya kasance duk wanda yay yi mai liƙi wurin wasa, sai ya kira sunanai da na ubanai, don a wurinmu wanda yal liƙa maka ka ƙyale sunanai, ka zage shi.

Da 'yan kasuwa sunka fara ɗaukar wasanmu cikin kaset a ɓoye suna sayarwa, Sirajo yac ce mu ɗauka da kanmu. Mun yi gardama. Ni na ce wa zai zo kallo in ana jin mu cikin rediyon mai shayi? Mansur mai gita ta biyu yac ce sautin fili bai da tsabta. Sirajo yac ce, "Tamba, tafin mutane da ihunsu, su na waƙar. Ba ni yanke komi."

Bai yanke ba. Kaset ɗin wasan Argungu yaf fito da sunan duk wanda yat taka rawa, shi a zatonai girmamawa ta. Ashe masu liƙin suna son a kira su cikin fili, ba su son surukansu su ji a tasha. Daga nan anka ce kiɗanmu iskanci na. Anka daina kiranmu biki. Ya kasance, jama'a, mutumin da yay yi jinya wata da watanni, waɗanda yaw wasa ba su leƙo shi ba. Wannan abin yana ci mani rai, kuma ba ni ɓoyewa.

Rauda, ƙanwata, na san tun ranar sadakar ukku wasu ke zuwa suna cewa ki ba su kaset-kaset na asali su adana maki. Kada ki ba su. Ɗiyarki Mubina tana goye ubanta yar rasu, ba ta da inda za ta ji muryatai sai cikinsu.

Mun gode wa duk wanda yaz zo don Allah. Allah Shi jiƙan Sirajo, Shi yafe mai, Shi raya abin da yab bari. Waɗanda kuma sunka tambayi kaset kafin su yi wa Inno gaisuwa, Allah Shi shirye su. Ina ganinsu daga nan, na kuma san sunayensu, amma yau ba wanda yay yi mani liƙi, ba ni kira.

Amin. Malam, a yi muna Fatiha.