Irin Alkamar Inna da Muka Cinye

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Daga unguwar Minanata nake rubuto muku, raina a ɓace.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙan ta, tana da wani irin jar alkama da take adanawa cikin tulu da toka. Shi muke shukawa a fadamarmu ta bakin gulbi. Ko cutar tsatsa ta cinye gonakin maƙwabta, tamu tana nan kore shar. Na taɓa karanta dalili: alkama tana fitar da wani sinadari daga jikinta mai narkar da fatar ƙwayar cuta, kuma wani irin ya fi wani ƙarfi.

Da Inna ta rasu, ƙanena ya juye tulun ya kai inji, aka yi funkason sadakar arba'in. Ni ma na ci, Malam, har na yaba! Da na gano, na ce, "Kai, irin Inna ka niƙa?"

Ya ce, "Haba Yaya, ke da littattafanki! Ga sabon iri fari tas a kasuwa."

Na ce, "Likkafani ma fari ne."

Bana ya shuka farin irin nasa a fadamar. Jiya na je gonar, ganye duk ya yi ja, har zanena ya kwashi garin tsatsa.

Inna ba ta taɓa hana kowa iri ba. Don Allah, wanda ya karɓa a hannunta, a Ƙofar Dundaye ko ƙauyukan bakin gulbi, ya taimaka mini da ko cikin tafin hannu ne. Tulun yana ɗakina yanzu, na wanke shi.